Yadda ake kusantar tsuntsun daji a ɗauki hotonsa

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila wannan abu ya taɓa samun ka. Kana dawowa daga gona, sai ka hangi wani tsuntsu mai kyau bisa reshen icce. Ka zaro salula daga aljihu, ka matsa da sauri. Kafin ka ɗaga hannu, fir! ya tashi. Ko kuma ka ɗauke shi daga nesa, ka zo gida ka nuna ma yara. Suka duba, suka ce: «Baba, ina tsuntsun?» Ba a ganin komi sai wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙuda.

Masu sana'ar hoto suna da kamara mai dogon baki, wadda take jawo abu daga nesa. Amma kuɗɗinta na iya fin kuɗɗin bijimi. Mu da ba mu da ita, dole mu matsa kusa. To, ƙaƙa ake matsawa kusa da abin da Allah ya ba fiffike? Ba da sauri ba ne, ba da ƙarfi ba ne. Sai tsuntsu ya yarda da kai. Kuma shi ne zai gaya maka inda za ka tsaya.

Domi tsuntsu yake gudun mu?

Tsuntsu yana da maƙiya da yawa: shaho daga sama, kyanwa da maciji daga ƙasa, ga yara masu danƙo, ga maharba. Ido da kunne su ne makamansa. Yawancin tsuntsaye idanunsu a gefen kai suke. Don haka suna ganin gaba da gefe, har da wani sashe na baya, ba tare da sun juya ba. Ƙaramin motsi ba ya wuce su.

Kowane tsuntsu yana da tazarar da ya yarda da ita. In ka tsaya bayan wannan tazara, ba ruwansa da kai. In ka ƙetare ta, ya tashi. Kurciyar cikin gari tana bari ka zo kusa ƙwarai, don ta saba da mutane. Zabon daji da fakara da tuje kuwa, tun daga nesa suke gudu, don su ake farauta. Aikinka shi ne ka rage wannan tazara sannu sannu, har tsuntsun ya ɗauke ka kamar kututture ko kamar saniya mai kiwo.

Ka fara da na gida

A Nijar an ƙidaya irin tsuntsaye sama da 500. Amma kada ka fara da masu wuya. Ka fara da waɗanda ba su tsoron mutum.

Ga shamuwa. Tana zuwa wajen watan 4 ko watan 5 na nasara, gab da faɗuwar damana, shi ya sa manoma suke murna da ganin ta. Tana yin sheƙarta cikin gari, bisa manyan itatuwa, don ta san ba a taɓa ta. In ta yi bisa gawo, ka yi sa'a, don gawo ba shi da ganye da damana, babu abin da zai kare maka ita. Tana sauka cikin gonaki tana cin fara. Da kaka ta yi, sai ta kama hanyar kudu, har ƙasashe kamar Tanzaniya da Zambiya. Ke nan kana da wata 5 ko 6 na koyo da ita.

Ga kuma balbela. Ita tana bin shanu don ta kama ƙwarin da ƙafafunsu suke tayarwa. Ka roƙi makiyayi ya bar ka ka bi garken. Ka yi tafiya a gefen saniya, yadda take tafiya. Za ka sha mamakin yadda balbela za ta zo dab da kai.

Ka san tsuntsun kafin ka ɗauko salula

Ka yi kwana 3 ko 4 kana kallo kawai. Ina yake kwana? Ina yake shan ruwa? Mi yake ci? Wane reshe yake so? Tsuntsu yana da al'ada kamar mutum. Sau da yawa reshen da ya sauka jiya, nan zai sauka gobe. In baure ya nuna, ko magarya, ba sai ka je neman tsuntsaye ba, su za su zo.

Lokaci mai kyau biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. A lokacin ne tsuntsaye suke kiwo, kuma hasken yana da taushi. Da rana tsaka suna laɓewa cikin inuwa, hoton kuma ya fito da baƙi ƙirin da fari fat. Ka sa rana a bayanka, haskenta ya faɗa bisa tsuntsun. In ka fuskanci rana, inuwa kawai za ka ɗauka. Ranar da hazo ya yi yawa, hoton nesa ba ya fita.

Ka sa tufafi masu launin ƙasa ko na busasshen haki. Farar riga tana ƙyalli, babbar riga kuma iska yana kaɗa ta. Tsofaffin kayan gona sun fi. Ki lura, ƴar'uwa, ki ɗaure gyale da kyau, ki cire warwaro masu ƙara.

Tafiyar maharbi

Kakanninmu sun san wannan ilimi tun ba a yi kamara ba. Ka san burtu, babban baƙin tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa? Namun daji ba su tsoron shi. Sai maharba suka sassaƙa kan burtu da icce. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya duƙa. Yana tafiya yana kaɗa kai, kamar burtu mai neman abinci. Da haka yake kai wa kusa da barewa. Dabarar ita ce: kada abin da kake nema ya gane shi kake nema. Mai hoto shi ma haka zai yi. Bambancin kawai, shi in ya gama, tsuntsun yana nan da ransa.

Ga yadda za ka yi:

1. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye. Mai zuwa kai tsaye maƙiyi ne. Ka bi ta gefe, ka yi dama, ka yi hagu, kamar mai tsintar itacen wuta.

2. Kada ka ƙura masa ido. Ka dube shi da wutsiyar ido.

3. Ka rage tsawo. Mutum a tsaye abin tsoro ne. Ka duƙa, ko ka ja gindi, ko ka yi rarrafe.

4. In ya sunkuyar da kai yana ci, ka yi taki 2 ko 3. In ya ɗaga kai, ka tsaya cik.

5. Ka riƙe salula a gaban ƙirji tun daga nesa. Ɗaga hannu farat ɗaya shi yake korar tsuntsu.

6. Ka yi amfani da abin da ya saba gani: jaki, amalanke, kwalekwalen masunta, ko mota. Tsuntsu ya fi yarda da mutum a cikin mota bisa mutum a ƙasa.

7. Ka ɗauki hoto tun daga nesa, ka ƙara matsawa, ka ƙara ɗauka. Ko ya tashi, ba ka koma hannu banza ba.

Taki 20 na iya cin maka rabin awa. Kada ka damu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsuntsu yana yi maka magana

Kafin tsuntsu ya tashi, yana nuna alama. In hankalinsa kwance yake, za ka ga yana ci, ko yana gyaran gashi da baki, ko ya tsaya da ƙafa guda. Wannan kana iya matsawa.

In ya fara damuwa, zai bar ci. Zai miƙe wuya. Gashinsa zai kwanta a jiki, ya yi siriri. Zai juya kai yana duban ka da ido guda. Wani zai fara tafiya yana nisa da kai, wani zai yi kuka mai kaifi don ya faɗakar da ƴan'uwansa. In ka ga ya ɗan duƙa, ko ya yi kashi, to, saura ƙiris ya tashi.

Da ka ga alama ta fari, ka tsaya. Ka kau da kai. Ka zauna. In ya koma ga ci, ya yafe maka. In bai koma ba, ka kai iyaka, sai ka ja da baya a hankali yadda ka zo. Mai hoto na ƙwarai shi ne wanda ya zo, ya ɗauka, ya tafi, tsuntsun yana nan yana kiwonsa.

Ka zauna, shi ya zo

Akwai hanyar da ta fi bin tsuntsu: ka bari shi ya same ka. Ka sami gindin icce kusa da inda suke sha ko ci. Ka jingina, ka yi shiru. Bayan minti 15 ko 20, tsuntsayen da suka watse za su fara dawowa.

In kana son su zo kusa ƙwarai, ka yi ƴar bukka da zana ko karan hatsi. Ka bar ƴar kafa daidai idon salula. Ka kafa ta kwana 2 ko 3 kafin ka shiga, don su saba da ita. Ka shiga tun da duhun asuba. In da rana za ka shiga, ga wata dabara: ku je ku biyu, ku shiga tare, sai ɗayan ya fito ya yi tafiyarsa. Tsuntsaye da yawa za su ɗauka babu kowa ciki. Kullum ka bubbuga bukkar da sanda kafin ka shiga, saboda maciji da kunama.

Da rani, ruwa ya fi komi jawo tsuntsu. Ka aje kasko a inuwa, ka zuba ruwa kaɗan, zurfin yatsa 2 a kwance. Ka kafa busasshen reshe a gefe. Tsuntsu zai fara sauka bisa reshen ya duba, sannan ya sha. A nan ne za ka ɗauke shi. Kurciya da hasbiya da kanari za su zo, wata rana har da cilakowa. Ka riƙa wanke kaskon kana sake ruwan kowace rana, don kada sauro ya yi ƙwai. Ka aje shi inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa, kuma nesa da kajin gida.

Riƙon salula

Ka goge idon salula da tsumma mai taushi, don ƙura tana dusashe hoto. Ka kashe ƙararta, ka kashe wutar hoto. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka dafa gwiwar hannu bisa gwiwar ƙafa ko bisa katanga. Ka taɓa kan tsuntsun a fuskar salula da yatsa, don ta gane shi kake so. In idon tsuntsu ya fito sarai, hoto ya yi.

Ka sauko daidai tsawon tsuntsun. In a ƙasa yake, ka kwanta rub da ciki. Ka bar ɗan fili a gabansa, wajen da yake kallo. Ka duba bayansa, kada leda ko juji su shiga. Ka ɗauka da yawa, 10 ko 20, ka zaɓi guda. Jawo hoto da yatsu biyu yana ƙara girma, amma a yawancin salula yana ɓata kyau, don haka kaɗan ya isa. In kana da madubin hangen nesa, ka ɗora idon salula bisa idonsa, za ka ga ya jawo maka tsuntsun.

Sheƙa: nan ne iyaka

Yanzu ga magana mafi girma. Wuri mafi sauƙin samun tsuntsu shi ne sheƙarsa, don dole ya dawo ga ƙwai. Kuma nan ne aka fi yin ɓarna.

A ƙasarmu, uwa ba ɗumama ƙwai kawai take yi ba. Da rana inuwa take yi masu. Wasu tsuntsayen bakin ruwa har jiƙa gashin cikinsu suke yi, su zo su sanyaya ƙwai. In ka kori uwa da bazara, rana na iya kashe ƙwan cikin ɗan lokaci. Kuma ba kai kaɗai kake kallo ba. Hankaka da shirwa suna sama suna jira. Kai ka tafi da hotonka kana murna, su kuma sun sauko sun cinye ɗiyan. Wani tsuntsun ma, in an dame shi, yana barin sheƙar har abada.

Saboda haka:

Kada ka hau icce, kada ka aiki yaro ya hau.

Kada ka yanke ganyen da ya rufe sheƙa don hoto ya fito. Ganyen nan shi ne rufin ɗakinsu.

Kada ka taɓa ƙwai, kada ka ɗauko ɗan tsuntsu ka riƙe a hannu.

Kada ka jefi tsuntsu don ka ɗauke shi yana tashi.

In ka ga tsuntsu da abinci a baki yana kewaya, ya ƙi sauka, ɗiyansa suna kusa, kai ne ka tare hanya. In ka ga wani yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, lafiyarsa lau, so yake ya janye ka daga ƙwansa. Ka bar wurin nan take, kana duban inda kake taka ƙafa.

Akwai kuma tsuntsayen da bai kamata ka faɗi inda ka gan su ba. Ka tambayi tsofaffi: dauri, ungulu nawa ake gani a mahauta? Yau fa? Tun shekarar 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Guba tana kashe su, wasu kuma suna kashe su don su saida kai da ƙafafu. Gauraka ana kama ta a kai gidajen masu kuɗɗi. Tuje ana harbin shi. In ka aika hotonsu ta WhatsApp, kada ka rubuta sunan wurin. Kada garin neman gira a rasa ido. A shekarar 1998 Nijar ta yi doka mai lamba 98-07 bisa farauta da kare namun daji. Amma doka ba ta da ido a kowane ƙauye. Idonta mu ne.

Baƙin da suke sauka tabki

Daga watan 10 zuwa watan 3, tabkunanmu suna cika da tsuntsaye. Akwai tabkin Madarunfa kudu da Maraɗi, da na Tabalak kan hanyar Tawa zuwa Agadas, da na Gidimuni gabas da Damagaram, ga kuma bakin kogin Kwara a Yamai. An sa Tabalak cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya a shekarar 2005, Madarunfa da Gidimuni kuma a 2019. Za ka ga ƴan gida kamar kirinjijiya mai farar fuska, da dinya, da zalɓe. Za ka ga kuma baƙi daga Turai, waɗanda suka gudo ma sanyi, suka ƙetare teku da hamada.

Waɗannan baƙi kitse suke tarawa don komawa. Wasu ƙanana sai nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tashi. Kitsen nan shi ne guzurinsu. Duk lokacin da ka tayar da garke, ka ci masu guzuri. A tabki, in guda ya tashi, duka sun tashi. Don haka kada ka bi bakin ruwa kana tafiya. Ka zo da wuri, ka zauna wuri guda, ka jira.

Ka kiyaye kanka, ka girmama mutane

Kada ka shiga ruwan tabki don ka matsa kusa, saboda tsargiya. Kada ka taɓa mushen tsuntsu. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a shekarar 2006, ta jawo asarar kaji da agwagi. In ka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri guda, ka gaya ma likitan dabbobi.

In baƙon wuri ne, ka fara gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi lafiyar hanya. Ka nemi izinin mai gona. Kada ka juya salula wajen mata a bakin rijiya, ko wajen sojoji. Gandun daji na gwamnati, kamar Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi, wanda aka keɓe a shekarar 1955, ba a shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Ga inda karatunka zai yi amfani

Hoto ba tare da bayani ba, rabin aiki ne. Kai da ka koyi rubutu, ka sami ɗan littafi. Duk hoton da ka ɗauka, ka rubuta abu 4: rana, wuri, sunan tsuntsu, da yawansu. In ba ka san sunan ba, ka nuna ma maharbi ko masunci ko wata tsohuwa. Sunaye da yawa suna ɓacewa don ba a rubuta su ba.

Ka duba ƙafar tsuntsu a hoton. Wani lokaci za ka ga zobe mai lambobi da baƙaƙe. Wani malamin makaranta ne a ƙasar Danmak ya fara sa ma tsuntsaye irin wannan zobe a shekarar 1899, don a san inda suke zuwa. In lambar ta fito a hoto, ka karanta, ka rubuta, ka kai ma ma'aikatan gandun daji. Da ita ake gane ƙasar da tsuntsun ya fito. Kada ka kama shi don zobe, zoben ba kuɗɗi ba ne.

Ka rubuta ranar da shamuwa ta fari ta sauka garinku bana. Baɗi ka sake rubutawa. Bayan shekara 10, littafinka zai faɗi abin da ba wanda ya riƙe a ka: ko tana zuwa da wuri, ko tana makara, ko sheƙuna sun ƙaru, ko sun ragu. Jikokinka za su ga hoton, su karanta rubutun. Gani ya kori ji. Allah ya sa su ma su tarar da tsuntsun da ransa, ba a hoto kaɗai ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne lokuta biyu ne suka fi kyau don ɗaukar hoton tsuntsu?

2. Faɗi alamu 3 da suke nuna tsuntsu ya fara damuwa.

3. Mi zai iya samun ƙwai in aka kori uwa daga sheƙa?

4. Domi ba a faɗin inda aka ga ungulu ko gauraka?

5. Rubuta sunayen tsuntsaye 5 na garinku. Ku tattauna: wane tsuntsu ne ake gani dauri, yanzu ba a ganin shi?